Yadda Ake Kai Ayarin Baƙi Zagayen Tarihi a Logon Birni

Logon Birni ƙaramin gari ne a gaɓar yamma ta kogin Logon, kudu da Kusuri, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. In ka tsaya a bakin ruwa ƙafarka na cikin Kamaru, itatuwan da kake hangowa a tsallake kuwa ƙasar Chadi ce. Baƙon da ya faɗo garin da tsakar rana ba mai nuna masa komai, gidajen ƙasa zai gani, da kwale-kwale a kwata, da kifi shanye, ya juya ya ce ba abin kallo. Alhali nan ne fadar ɗaya daga cikin manyan masarautun Kotoko, 'yar'uwar Kusuri da Gulfe da Makari da Afade, garin da ya yi hulɗa da Barno da Bagirmi, ya ga mayaƙin nan Rabe, ya ga Jamus, ya ga Faransa.

Wannan bayani na wanda zai ɗauki jama'a ya kai su can ne: malamin da zai tafi da ɗalibansa, shugaban ƙungiyar matasa, ko saurayin da yake so ya mai da jagorancin baƙi sana'a. Yawancin aikin kafin ranar tafiya ake yin sa.

Fara da zaɓen wata

Kogi ne ke yanke maka lokaci. Ruwan Logon ba na saman garin ba ne, daga tuddan Adamawa da arewacin Afirka ta Tsakiya yake gangarowa, shi ya sa yakan cika ya batse bayan damina ta ɗauke a nan, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Sai ya malale fadamun da ke yamma da garin, hanyar mota ta koma taɓo. Ƙasar wurin baƙar laka ce, in ta jiƙe ko babur sai an tura. Wanda ya ga ambaliyar 2022 da ta 2024 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacinka. Hanya ta bushe, sanyin hunturu ya sauko, gonakin masakwa sun yi kore a gefen hanya, kuma kogi yana da sauran ruwan da kwale-kwale zai yi yawo. Daga Maris zafi ke kamawa, a Afrilu yakan haura digiri 40, ba ka jan tsofaffi da yara a ƙafa cikin wannan rana. Ka kauce wa azumi. Juma'a ma ka bar ta, don hankalin fada da na gari yana masallaci, sai fa in fadar ce da kanta ta ce ku zo ran nan.

Ka je kai kaɗai tukuna

Mako biyu ko uku kafin tafiya, ka je garin ba tare da ayari ba. Wurare uku za ka taka.

Na farko fada. Ba a shiga garin sarauta da mota cike da baƙi a fara nune-nune sarki bai sani ba. Ka nemi wani ɗan gari mai mutunci ya raka ka, ka riƙe goron gaisuwa, ka tuɓe takalmi inda ka ga ana tuɓewa, ka zauna inda aka nuna maka. Bafaden da ya tarbe ka shi za ka fara yi wa bayani, kuma gajere ya fi: "Ranka ya daɗe, ɗalibai ne daga Kusuri, su ashirin, suna son su ga garin kakanni su ji tarihinsa daga bakin masu shi. Mun zo neman izini, da kuma wanda za a haɗa mu da shi." Jimlar ƙarshen nan ita ce ke buɗe ƙofa. Fada ta san wane dattijo ne ya riƙe jerin sarakuna a ka, wane ne ya san inda ganuwa ta bi, wane gida ne asalin masu saƙa. In ka zaɓo mai ba da labari da kanka a tasha, kana iya ɗauko wanda gari bai yarda da bakinsa ba, ka ɓata wa mutane rai ba ka sani ba. A wannan zaman ne kuma za ka tambayi inda aka yarda baƙi su shiga a cikin fadar, da inda ba a ɗaukar hoto, da ko mata da maza ƙofa ɗaya za su bi.

Na biyu hukuma. Logon Birni gunduma ce a ƙarƙashin sashen mulki na Logon da Shari, jihar Arewa Mai Nisa. Ka kai takarda ofishin superefe, wato shugaban gundumar, ka kai kwafinta wurin jandarma, ɗauke da ranar zuwa, da yawan mutane, da sunayensu, da lambar motar. Garin kan iyaka ne, kuma yankin ya sha fama da rashin tsaro tun shekarun Boko Haram. Ka tambaye su halin hanya, ka sake tambaya ana gobe tafiya. In suka ce a dakata, a dakata ɗin. Wanda zai riƙa karɓar kuɗi a kan wannan aiki kuma ya nemi takardar izinin jagora daga ma'aikatar yawon buɗe ido.

Na uku bakin kogi, wurin masunta. Ka ga kwale-kwalen da idonka, ka ga mai tuƙin, ku yi ciniki tun ran nan.

Sai batun harshe. Mutanen garin Lagwan suke yi, wani reshe na harshen Kotoko, harshen kasuwa kuma Larabcin Shuwa ne. Akwai masu jin Hausa, musamman 'yan kasuwa da fataken kifi, amma dattijon da ya fi kowa sanin tarihi ba lalle ne yana ji ba. Ka nemi tafinta ɗan gari, ka gwada shi a gabanka. In tsoho ya yi magana mai tsawo shi kuma ya dunƙule maka ita cikin kalma biyar, nemi wani.

Ka tace labarin kafin ka faɗe shi

Nan ne na fi damuwa, don nan ne jagorori ke lalacewa. Baƙo ya biya kuɗi, yana son abin mamaki, sai jagora ya fara ƙara gishiri, bayan shekara biyu shi kansa ya manta wanne ne gaskiya. Ka kasa abin da za ka faɗa kashi uku, kuma duk inda ka tsaya ka gaya wa mutane daga wane kashi kake ɗebowa: abin da aka rubuta, abin da aka gada a baki, da abin da masana ke hasashe.

Abin da aka rubuta yana da ɗan yawa. Baturen Ingila Dixon Denham ya iso garin a 1824 daga Kukawa. Ya ba da labarin birni mai ganuwa da faffaɗan titi, da masaƙa da marina masu rina tufa da baba har ta yi sheƙi, da wani irin kuɗi na siraran faifan ƙarfe da ake ciniki da su a kasuwa. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka a watan Maris 1852 a kan hanyarsa ta zuwa Bagirmi, zamanin Sarki Yusufu, lokacin garin na kai gaisuwa Barno. Gustav Nachtigal ya biyo sawu a 1872. A 1893 Rabe ya ci Bagirmi, ya haye ta ƙasar Logon, ya rusa Kukawa, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa. Ranar 22 ga Afrilu 1900 aka kashe shi a yaƙin Kusuri, kwamandan Faransa Lamy ma a nan ya mutu, sunansa aka sa wa barikin da aka kafa a tsallake, Fort-Lamy, wanda ya koma Njamena a 1973. Bayan haka yankin ya shiga hannun Jamus. A yarjejeniyar Nuwamba 1911 Jamus ta bar wa Faransa ƙasar da ke tsakanin kogunan Logon da Shari, kogin da yake tsakiyar masarauta ya zama iyakarta. Da Jamusawan da ke kan dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairu 1916, mulkinsu ya ƙare a Kamaru.

Abin da aka gada a baki shi ne labarin Sao, mutanen da Kotoko ke cewa su ne kakanninsu. Za a gaya maka ƙatta ne, mutum ɗaya yana saɓa giwa a kafaɗa, kamar dai yadda muke ba da labarin Samudawa. Kada ka yi wa wannan dariya, kada kuma ka miƙa shi a matsayin abin da aka auna. Ka ce "haka kakanni suka faɗa", sannan ka ƙara abin da ƙasa ta nuna: tun daga shekarun 1930 masu haƙar tarihi irin su Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka tono tuddan kufai a kudancin tafkin Chadi, suka sami manyan randuna da ake binne gawa a ciki, da mutum-mutumin yumɓu, da kayan tagulla. Tarihin Barno kuma ya ambaci yaƙoƙin Mai Idris Aloma da Sao a ƙarshen ƙarni na 16.

Kashi na uku misalinsa ɗaya ne babba, kuma lalle wani cikin ayari zai ɗauko shi. Akwai wani yaro ɗan Afirka da aka kama aka kai Istanbul, daga can aka wuce da shi Rasha a 1704, Sarki Peter Mai Girma ya rene shi, ya zama janar kuma injiniyan soja da sunan Abram Gannibal, ya rasu a 1781. Mawaƙin Rasha Pushkin tattaɓa kunnensa ne. A wata takarda da ya rubuta wa sarauniyar Rasha a 1742, Gannibal ya ce an haife shi a wani gari mai suna Lagon inda mahaifinsa ke sarauta. An daɗe ana cewa wajen Habasha ne. A tsakiyar shekarun 1990 wani masanin tarihi ɗan Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjojinsa cewa Logon Birni ce, masana da dama suka karɓa, wasu kuma suna nan a kan ra'ayin farko. Haka za ka faɗe shi. Kada ka tsaya gaban wani kango ka ce ga ɗakin da aka yanke masa cibiya. Labarin yadda yake ya ishi mai sauraro.

Tunda ayarinka Hausawa ne, ka ɗaura tarihin da abin da suka sani. Cikin rundunoni uku na Faransa da suka haɗu a Kusuri, biyu ta Damagaram suka biyo, ɗaya daga cikinsu ita ce ragowar rundunar da ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, a Balda kusa da Marwa ya zauna, ya haɗa kai da Rabe, ya auri 'yarsa Hauwa, daga baya suka ɓata aka kashe shi. Sannan ga alhazan ƙafa: kakannin da yawa daga cikin Hausawan Kusuri da Njamena masu niyyar Makka ne da suka biyo ta Barno, suka haye waɗannan koguna za su Wadai da Darfur, guzuri ya ƙare wa wasu suka zauna. In ka kawo wannan, sai ka ga dattijuwar da ta yi shiru tun safe ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai kakana haka ya zo." Ka dakata ka bar ta ta faɗa.

Ranar tafiya

Mutum goma sha biyar zuwa ashirin sun isa jagora ɗaya. In sun fi haka ka raba su biyu, don lungunan garin ƙanana ne, na baya ba ya jin abin da ake faɗa a gaba. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, ɗalibai kuma da takardar yardar iyaye. Ku bar Kusuri bayan sallar asuba, da ruwan sha isasshe, da tabarmi, da ɗan akwatin magani.

Fada ce zangon farko. Tun a mota ka koya musu yadda za su gaida sarki, wa zai yi magana a madadin kowa, kuma a kashe ƙarar waya. Bayan gaisuwa sai dattijon da aka ba ku ya karɓi jagoranci, kai ka koma mai ɗinke magana: shi ya faɗi sarakuna da unguwanni, kai ka sa shekaru inda kake da su. In abin da ya faɗa ya saɓa da abin da ka karanta, kada ka gyara masa a gaban jama'a. Ka ce, "Baba, a takardun Turawa an rubuta kaza, ku yaya kuka ji?" Sau da yawa amsar da zai bayar ta fi abin da ke takardar.

Daga fada ku bi tsohon gari a ƙafa tun rana ba ta ɗaga ba. Ka sa su kula da ginin ƙasa: kaurin bango, ƙanƙantar taga, yadda zaure ke yin sanyi ko da waje na ƙuna. Dattijo ya nuna inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke, ko da abin da ya rage ɗan tudu ne kawai. A nan za ka kawo zancen Denham da marina da kuɗin ƙarfe, ba a mota ba, don labari ya fi zama a kai in ana tsaye a wurinsa. Kowane zango kada maganarka ta wuce minti goma, kuma ka nemi inuwa kafin ka buɗe baki.

Sai gangarawa kogi. Ka dubi gaɓa a inda ruwa ya zaftare ta. A garuruwan Kotoko mutane sun daɗe suna gini a kan ginin na da, saboda haka a jikin zaftarewar akan ga tsingaro jere cikin ƙasa, wani ja wani baƙi, wani da zanen da aka yi da igiya ko tsinke tun yumɓun na ɗanye. Ka durƙusa ka nuna da yatsa, ka bar kowa ya matso ya gani, amma ba mai zarowa.

A kan ruwa

Kotoko mutanen ruwa ne, wanda bai ga garin daga tsakiyar kogi ba ya ga rabi. Masunta su nuna musu taru da birgi, su ba da labarin zemi, babbar komar nan mai kusurwa uku da ake kafawa a goshin jirgi a tsoma a ɗaga, da jiragen da ake ɗinke katakonsu da igiya a da. A kan tabarmar masu kifi baƙi za su ga giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu, da banda da aka kyafe za a kai kasuwannin nesa.

Dokokin ruwa ba a sassauta su. Mai jirgi ne ke faɗin mutum nawa zai ɗauka, kai kuma ka rage biyu daga abin da ya faɗa. Kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, in babu a garin ka taho da su daga Kusuri. Ba mai miƙewa tsaye don ɗaukar hoto. Akwai dorina a Logon, masunta sun san inda take kwana, in suka ce ba a bi ta nan ba, magana ta ƙare. Yara kada su yi wanka, saboda tsargiya. Kada kuma a sauka a gaɓar Chadi da sunan "mu taka kawai mu dawo". Masuntan gari suna da fahimtarsu da jami'an tsallake, baƙo mai kyamara ba ya cikinta.

Azahar ta same ku a gari. Abincin rana ka ba matan gari kwangilarsa tun zuwanka na farko, tuwon dawa ko shinkafa da miyar kifi, ka faɗi yawan mutane ka ba da kafin alƙalami. Kuɗin ya zauna a garin ya fi a sauke kuloli daga mota.

Abubuwa uku da za ka hana

Wani yaro zai iya matsowa kusa da mota ya buɗe tsumma, ka ga ɗan kan mutum na yumɓu, ya ce na Sao ne. Kada kowa ya saya. In na gaske ne, an fasa kufai ko kabari kafin a samo shi, kuma dokar kare kayan tarihi ta Kamaru ta 2013 ta hana fataucinsa. Duk wanda ya saya ya ba da kuɗin haƙa rami na gaba. Mai son tsaraba ya sayi sabon aikin hannu, tabarma ko tukunya ko ɗan dokin tagulla da maƙera ke zubawa, ya sayi banda.

Hoton mutane sai da izini, musamman mata a bakin ruwa. Na soja da jandarma da shingensu kuwa ba a ɗauka sam.

Na uku ya fi nauyi. A Agusta 2021 rikici ya ɓarke a wannan gunduma tsakanin masunta da manoma Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa a kan ruwa, ya sake tashi a Disamba har ya kai Kusuri, an rasa rayuka, dubban mutane suka tsallaka Chadi. Waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wataƙila mai tuƙa muku jirgi yana cikinsu. Ka gargaɗi ayarinka tun a hanya kada wani ya tambayi mutum ƙabilarsa ko wa ya fara. In ɗalibi ya tambaye ka a keɓe, ka ba shi amsa a kan ƙarancin ruwa da wurin kiwo da wurin su, ba tare da ɗora wa wata al'umma laifi ba.

Kuɗi da komawa

Ka rubuta kasafinka a takarda: mota da mai, jirgi, abinci, tafinta, goron fada, sallamar dattijon da ya yi muku bayani, da ɗan abin da za a ajiye saboda faci ko rashin lafiya. Sallamar dattijo kada ta zama canjin da ya rage a aljihu. Shi ne ya yi babban aikin ranar, a ba shi cikin ambulan, a keɓe, da godiya. Yara masu bin ayari kuma kada a riƙa watsa musu sefa, in akwai niyyar alheri a kai wa makarantar gari littattafai da alli ta hannun shugabanta.

Da la'asar ku koma fada ku yi sallama, ku kama hanya da sauran rana, don ba a son dare ya riski motar baƙi a wannan yanki. Ka ƙirga mutane kafin a tashi, ka kira jandarma ka shaida musu kun fita, ka sake kira in kun isa Kusuri.

A daren, tun abin na sabo a kanka, ka rubuta duk abin da dattijo ya faɗa wanda ba ka sani ba, da tambayoyin da aka yi maka ka kasa amsawa, ka sa kowanne a kashinsa cikin ukun nan. Cikin makon ka wanke hotuna biyu ko uku na gaisuwar fada da na dattijon, ka aika musu ta hannun direban da ke bin hanyar, tare da takardar godiya da ranar da kake sa ran kawo ayari na gaba.